Tambaya da Amsa: Sau uku ana sa wa tsohuwar motata gas, har yanzu AC zafi yake hurowa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu na mota da gyaranta. Tunda zafi ya fara kankama saƙonnin da suke shigowa kusan duk sun koma magana ɗaya, AC. A wannan makon na ware na masu tsofaffin motocin gudu ne, irin masu ƙofa biyun nan da samari suke cewa sifot, saboda nasu ciwon ya ɗan bambanta da na mai Corolla ko Accord ta kwanan nan, kuma su ne aka fi yi wa aikin ganganci don yaran gareji da yawa ba su taɓa buɗe irinsu ba.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana wata mota Nissan 300ZX ƙirar 1991, daga Amurka aka shigo da ita ta Kwatano, shi kaɗai yake hawanta kuma yana ji da ita sosai, bayan rasuwarsa ta yi wajen shekara shida a rufe ko tada ta ba a yi. Bara na ce bari in raya ta, an duba inji an sa batir da tayoyi yanzu tana tafiya lafiya lau, AC ne kawai ya gagare mu. Sau uku ana sa mata gas, na farko ya yi wata guda, na biyu sati biyu, na ukun ko kwana huɗu bai kai ba, kuma yanzu in na kunna sai in ji wata ƙara a gaban inji kamar ana niƙa tsakuwa. Mai gyaran yace wai gas ɗin yanzu ne ba shi da auki, in kawo kuɗi a ƙara sawa. In ƙara ne ko in haƙura da AC ɗin gaba ɗaya? Ba na son sayar da motar saboda Baba. Daga mai karatunku a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba da rahama ya kyauta namu zuwan. Kafin komai dan Allah daga yau kar ka ƙara danna maɓallin AC ɗin nan, in ma zaka iya ka sa a zare soket ɗin wayar da take zuwa kan kwamfiresa, saboda wannan ƙarar da kake ji tana iya zama kwamfiresa ce take cin kanta, duk minti ɗaya da ta ƙara juyawa garin ƙarfe take watsawa cikin bututu, kuma in ta cije gaba ɗaya kana kan hanya zata iya ƙona fanbel ko ta tsinka shi.

Sannan maganar gas ba shi da auki, wannan ba magana ba ce. Gas ɗin AC ba fetur ba ne da inji yake ƙonawa, ba a shan sa. Zagaye kawai yake yi a cikin rufaffen bututu: kwamfiresa ta matse shi ya yi zafi, ya shiga kwandensa da take gaban lagireto iska ta huce shi ya koma ruwa, ya bi ta diraya a tace shi a tsotse danshin da ke ciki, ya kutsa ta wata 'yar ƙaramar ƙofa da ake kira bawul ɗin faɗaɗawa, yana fitowa sai matsin ya faɗi ya fara tafasa a cikin ibaporeta da take ɓoye bayan dashbod, wannan tafasar ce take zuƙe zafin cikin mota, shikenan sai ya koma kwamfiresa a sake. Gas ɗin AC na mota da ake kira R134a a sarari yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili, kaga ko ƙofar da bata kai bakin allura ba ta ishe shi ficewa. Motar da bututunta yake lafiya tana shekaru ba a taɓa ta ba. To wadda ta zubar da nata a kwana huɗu akwai ƙofa, kuma yadda kwanakin suke raguwa daga wata zuwa sati biyu zuwa kwana huɗu yana gaya maka ƙofar ƙara buɗewa take yi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ba gas kaɗai yake fita ba. Man da yake shafe kwamfiresa tare da gas yake yawo, inda gas ya tsiyaye mai ma yana bin sa. An cika sau uku, ban ji ka ce an ƙara mai ko sau ɗaya ba.

Yanzu ga inda shekarun motarka suka shigo. 300ZX ta 1991 da gas ɗin R12 aka ƙera ta, wanda tsofaffin masu gyara suke kira Freon. Shi R12 yana cikin sinadaran da aka gano suna cinye rufin ozon na sararin sama, shi ya sa ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987, ƙasashe masu arziki suka daina sarrafa shi daga farkon 1996, ƙasashe irin namu aka ba mu zuwa 2010. Kamfanonin mota kuwa tun wajen 1992 zuwa 1995 suka koma R134a. Kenan abin da aka ɗura maka sau ukun nan kusan tabbas R134a ne, cikin motar da aka yi don R12. Kuma matsalar ba a sunan take ba, a mai take. R12 da man ma'adinai yake aiki, wanda ake cewa miniral, shi kuma R134a baya gauraya da wannan man sam, baya iya ɗaukarsa ya zagaya da shi, sai man ya je ya kwanta a ibaporeta da kwandensa ya bar kwamfiresa tana juyi a bushe. R134a nasa man daban ne, PAG ko kuma esta wanda ake rubutawa POE. In mai gyaranka adafta kawai ya ɗaura a bakin bututu ya ɗura gas ba tare da ya taɓa mai ba, to ga amsar ƙarar tsakuwar nan.

Zaka iya dubawa da kanka ko an taɓa juya motar zuwa R134a tun a Amurka. Ɗaga bonet ka nemi takardar da aka manna, in an yi aikin yadda ya kamata a can sukan manna wata sabuwa mai faɗin irin gas da irin mai. Sannan ka kalli bakunan da ake sa geji, wato agogon auna matsin gas, na R12 masu zare ne ana murɗawa kamar bakin tayar mota, na R134a kuwa sun fi kauri kuma danna kan geji ake yi ya kama, babu murɗawa.

Ita kuma ajiyar shekara shida ta yi nata ɓarnar. A bakin kwamfiresa inda sandar take fitowa akwai wani sil mai hana yoyo da yake buƙatar mai ya riƙa taɓa shi, in mota ta daɗe ba a kunna AC ba sai ya bushe ya tsage. Haka zoben robar da ke kowace mahaɗa, a mota mai shekara talatin da ɗoriya sun zama kamar busasshen ƙashi. Ita 300ZX ma ta fi wasu wahala ta nan, duk wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗinta ya san injin V6 mai lita 3 ne aka cusa a wurin da da ƙyar hannu yake shiga, in mai turbo biyu ce kuwa sai abin ya ƙaru, zafin da yake taruwa a wurin yana gasa duk wata roba da filastik. Don haka ka gargaɗi duk wanda zai taɓa ta ya bi soket-soket ɗin a hankali, karyewa suke yi a hannu.

To me za a yi. Ni in motata ce ba zan sayi gas ko na sisi ba sai an gano ƙofar. A fara da ido, a bi bututun tun daga kwamfiresa, duk inda aka ga danshin mai ƙura ta manne a kai baƙi ƙirin to wurin yana yoyo, a duba bayan fulin kwamfiresa, a duba inda aka matse tiyon roba da ƙarfe, a duba kusurwoyin kwandensa ta ƙasa inda tsakuwa take duka. Daga nan a ɗura naitirojin a bar geji a jiki, a bi mahaɗu da ruwan sabulu ana neman kumfa, in da hali motar ta kwana a haka a ga ko allura ta sauka. Naitirojin na ce. Kar ka yarda a sa iskar mai faci, danshi ne fal a cikinta, kuma kar ka kuskura ka bari a sa oksijin na masu walda, oksijin da mai in suka haɗu ƙarƙashin matsi fashewa suke yi, wannan maganar rai ce ba ta sanyi ba. Akwai kuma wani rini da ake zubawa cikin mai wanda yake haske in an haska shi da fitila ta musamman, yana taimakawa wajen ƙananan ƙofofi.

Sai a sauke kwamfiresa a juye manta a farin faranti ko farar takarda. Wannan shi ne gwajin da zai faɗa maka nawa zaka kashe. In man ya fito garau ko ɗan ruwan zuma, ka yi sa'a, wataƙila ƙarar daga boris ɗin fuli ne ko kulocin kwamfiresa, ana canza su ba tare da an yar da ita ba. In ya fito toka-toka ko baƙi da ƙyalƙyalin garin ƙarfe, to ta tafi, kuma garin nan ya riga ya shiga ko'ina. A nan ne mutane suke asarar kuɗi sau biyu, su je Panteka ko Ƙofar Ruwa su sayo kwamfiresa 'yar Beljiyam mai kyau su ɗaura a kan bututu mai datti, wata guda ita ma ta bi 'yar'uwarta sai a ce mai kaya ne ya cuce su alhali ba laifinsa ba ne. Dole a wanke bututu da ibaporeta da ruwan wankin da aka yi don wannan aikin a busar sosai, a canza bawul, a canza diraya. Diraya kam sabuwa dal, ba a sayen ta hannu, aikinta tsotse danshi ne kuma wadda ta yi wata da watanni a buɗe a kasuwa ta riga ta ƙoshi. Ita ce kuma za a ɗaura a ƙarshe, ana cire murfinta ana haɗawa.

Zoben roba duk a canza su, kowace mahaɗa, a sa irin koren nan da aka yi don R134a a shafa musu ɗan mai kafin a ɗaura. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba amma su ne rabin yoyon tsohuwar mota. Tiyon da ya kumbura ko ya tsattsage a kai a matse sabo. Wajen mai kuma, in an wanke komai tas an sa sabuwar kwamfiresa to a bi abin da mai kwamfiresar ya rubuta, in kuwa akwai sauran tsohon mai da ba a iya fitarwa duka ba ni esta nake zaɓa, don ya fi haƙuri da ragowar miniral da R12 fiye da PAG. A auna shi da kofi mai lamba, in ya yi yawa shi ma yana rage sanyi.

Bayan an haɗa komai sai bakyum, wato a zuƙe iska da danshin ciki da famfo. Aƙalla minti 30, a motar da ta daɗe a buɗe irin taka ni ina barin ta minti 45 zuwa awa guda, sannan a rufe geji a jira a ga ko allura zata motsa. Na san abin da ake yi a wurare da yawa, a buɗe gas ta gefe ɗaya ya yi fiii ta ɗaya gefen a ce an kore iska, wallahi wannan baya fitar da danshi, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya daskare a bakin bawul ya toshe hanya, shi ne zaka ga AC ya yi sanyi minti goma ya ɗauke, ka kashe ka jima ka kunna ya dawo. Wanda bai daskare ba kuma ya haɗu da mai ya zama asid yana cin alminiyam ta ciki a hankali.

Sai gas, kuma da sikeli. Takardar ƙarƙashin bonet ta faɗi nauyin R12 da motar take ɗauka, in an koma R134a ana sa kamar kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na wannan nauyin ne. Misali a ce takarda ta ce giram 800, to tsakanin 640 da 680 za a sa. A ɗora tukunyar a kan sikeli a gani, ko in da ƙananan gwangwanaye ne masu giram 340 a yi lissafi. Tsofaffin masu gyara sun saba kallon ɗan gilashin nan na kan diraya ko kan bututu, su yi ta ɗurawa har kumfa ta ɓace, wannan a zamanin R12 daidai ne, amma a motar da aka juya zuwa R134a in ka jira kumfa ta ɓace ka riga ka zarce, matsi ya hau sama sanyi ya ragu kwamfiresa ta sha wahala.

Abu na ƙarshe gaskiyar da ya kamata ka sani kafin ka kashe kuɗi. Kwandensar motocin wancan lokacin an auna ta ne da R12, shi kuma R134a matsinsa ya fi hawa in zafi ya yi yawa, don haka a rana irin ta Afrilu da ake digiri 40 in kana tsaye a danja ba zata yi sanyin motar bana ba. Maganin da na ga yana aiki shi ne a canza kwandensa zuwa ta zamani mai ƙananan hanyoyi da yawa a jere, a tabbatar fankar inji da ƙaramar fankar lantarki ta gaba duk suna ja sosai. In dai kwamfiresa ta watsa gari dama canza kwandensar ya fi wanke ta. Kar ka haƙura da AC ɗin, mota ce mai faɗin gilashi kuma kana zaune dab da inji da giya, in babu AC ba zaka riƙa jin daɗin fita da ita ba, sai ta koma ajiya, ajiyar kuma ita ta kawo mu nan. Ka yi aikin sau ɗaya a wurin wanda yake da famfon bakyum da sikeli da tukunyar naitirojin, in ka shiga gareji baka ga ukun nan ba ka yi musu sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ina da Marsandi 500SL ta 1992, gas yana tsiyayewa a hankali kamar wata biyu zuwa uku, an duba gaban inji kaf ba a ga komai ba. Yanzu an ce sai an sauke dashbod gaba ɗaya, wani kuma yace akwai maganin da ake ɗurawa ya toshe ƙofar da kansa ba sai an kwance komai ba. Wanne zan bi? Daga Abuja.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, zargin da suke yi ibaporeta ne kuma a Marsandin shekarun nan ba baƙon abu ba ne, sai dai aikin babba ne, ba na yini ɗaya ba, kuma dashbod ɗin mota mai wannan shekarun in ya faɗa hannun mai gaggawa zaka karɓe ta da ƙararraki da fitilun da suka daina kamawa. Don haka kar a kwance sai an tabbatar. A raba bututu biyun da suke shiga ta bangon inji zuwa ciki, a toshe, a matsa naitirojin a ibaporeta ita kaɗai a bar ta ta kwana. In allura ta sauka magana ta ƙare. In an sa rinin nan mai haske a duba ruwan da yake ɗiga ta ƙarƙashin mota, sau da yawa a nan yake nuna kansa. Kafin duk wannan ma a sa ruwan sabulu a kan 'yan bawul ɗin bakin geji, na sha ganin an kusa sauke dashbod ashe ɗan ƙaramin abin nan ne mai kama da na taya yake yoyo.

Maganin toshe ƙofa kuwa ban ba ka shawara ba ko kaɗan. Irin wanda yake daskarewa in ya haɗu da danshi bai san bambancin ƙofar yoyo da ƙofar bawul ba, in akwai danshi a ciki can zai daskare, ka tashi daga canjin ibaporeta ka koma canjin komai. In ta tabbata sai an sauke, a sa sabuwar ibaporeta da sabon bawul lokaci ɗaya, a duba ƙaramin lagireton hita da yake maƙwabtaka da ita, a sake manna soson da ya ruɓe a jikin ƙofofin iska, tunda ba wanda yake son buɗe wurin nan sau biyu. Kuma a duba takardar bonet, 1992 daidai kan gaɓar canji daga R12 take.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Toyota Celica gare ni tsohuwa, wani mai gyaran firji a unguwarmu yace zai sa min gas ɗin firji ko na AC ɗin ɗaki, wai ya fi sanyi kuma ya fi araha, har yace wasu gas ɗin girki suke sawa. Gaskiya ne? Daga Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, ina gaida mutanen Damagaram. Ɗan'uwa kar ka yarda. Gas ɗin firjin zamani R600a ne, shi da R290 da gas ɗin girki duk dangi ɗaya ne, suna kama wuta. Eh suna sanyi, ba ƙarya ya yi ba ta nan, amma firji ɗan kaɗan yake ɗauka kuma a rufaffen bututun ƙarfe da aka like da walda yana zaune wuri ɗaya, ita kuwa mota tiyon roba ne da mahaɗu, ga jijjiga ga salansa mai zafi ga tartsatsin waya, kwandensa kuma ita ce farkon abin da yake fashewa in an yi karo ta gaba. In ibaporetar tsohuwar mota tana yoyo cikin ɗakin da kake zaune da iyalinka gilashi a rufe yake tsiyaya. R22 na AC ɗin ɗaki kuma matsinsa ya fi ƙarfin tiyo da kwamfiresar mota nesa ba kusa ba.

Har R134a ɗin ma ka kula da inda aka sayo shi, akwai jabu. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Brazil har aka rasa rayukan ma'aikata, da aka bincika sai aka tarar jabun gas ne da aka gauraya da R40, wanda yake cin alminiyam ya haifar da sinadari mai kamawa da wuta da kansa. Kwamfiresar motarka alminiyam ce. Gas ɗin da arharsa ta yi yawa, ko tukunyar da ba a san asalinta ba, ka bar musu kayansu. Kuma wanda duk yake tsaye wurin da ake ɗura gas ya kare idonsa, ruwan gas in ya fantsama a fata ko ido ƙuna yake yi irin ta ƙanƙara, sannan ba a kusantar da wuta ko sigari, tsohon R12 in ya taɓa harshen wuta hayaƙi mai guba yake bayarwa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Honda Prelude ce maigidana ya bar min nake zuwa aiki da ita, in ina gudu a titi AC kamar firji, amma da na shiga gosulo sai ya koma iska mai ɗumi, wani lokacin har allurar zafin inji ta ɗan ɗaga. Sannan kafet ɗin gefen mai zaman banza kullum a jiƙe yana wari. Gas ne ya ragu? Daga 'yar'uwarku a Kano.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya taimaka. Inaga naki mai sauƙi ne kuma ba gas ba ne, tunda in gas ya yi ƙasa a guje ma ba zaki samu sanyi kamar firji ba. A guje iskar hanya ce take huce kwandensa, a gosulo kuwa fanka ce kaɗai, in fankar ta mutu ko ta yi rauni matsi sai ya hau har suwic ɗin kariya ya kashe kwamfiresa, allurar zafin da take ɗagawa ma shaida ce. Ki sa a tada motar a kunna AC a ɗaga bonet, fankokin bayan lagireto su biyu ya kamata a ga suna juyi da ƙarfi, in ɗaya tana tsaye a duba fis da rile kafin a ce motar fankar ce. Sannan a wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi sosai, har tsakaninta da lagireto, ƙurar hunturu da leda da ganye suna taruwa a wurin kamar katifa, motocin nan kuma gabansu a ƙasa yake komai na titi suna kwasa. Abu ɗaya da zan roƙe ki, in wani yace zai haɗa wayar kwamfiresa kai tsaye don ta daina ɗaukewa ki ce a'a, suwic ɗin nan shi yake hana tiyo fashewa. Kar kuma a ƙara gas a kan wanda yake ciki, ƙari a irin wannan halin ƙara zafi yake yi.

Ruwan kafet kuma ɗan tiyon da yake fitar da raɓar ibaporeta zuwa ƙarƙashin mota ne ya toshe ko ya zare, aikin minti kaɗan ne a zura waya mai laushi a buɗe shi. Amma ki taɓa ruwan ki shinshina, in garau ne ba santsi to raɓa ce, in kuwa yana da santsi ko launi kuma ruwan lagireto yana raguwa to hita ce take yoyo, wannan a gaggauta saboda inji. A ɗaga kafet ɗin a shanya shi a rana ya bushe har soson ƙasa kafin ƙasan motar ya fara tsatsa. Kuma ko sanyin hunturu ya dawo ki riƙa kunna AC ɗin minti goma duk sati don mai ya zagaya ya taɓa sil ɗin kwamfiresa, wannan har da mai 300ZX na Kaduna in Allah ya sa an gama nasa aikin.